Masu Bin Sawun Tauraron Ɗan Adam

A Makarfi, Ikara ko Kudan, in an ɗauke wuta bayan magariba kuma sama ta yi garau, akan ga wani tauraro yana tafiya a hankali, ba ya ƙyafta ido irin na fitilar jirgi. Tauraron ɗan Adam ne. Rana ce ke haska shi can sama, mu kuwa duhu ya riga ya rufe mu. Shi ya sa ba a cika ganinsa ba sai bayan magariba ko gab da asuba.

Tun kafin a harba na farko aka tanadi masu dubansa. A 1956 wani masanin taurari a Amurka, Fred Whipple, ya tara 'yan sa-kai a ƙasashe da dama cikin shirin Moonwatch, wato duban wata. Sunan ya dace, don aikin bai da maraba da fita neman jinjirin watan azumi. Sukan zauna a jere, kowa da ɗan madubin hangen nesa, an yanka masa yankinsa na sama, wanda abin ya gifta ta gabansa a rubuta lokaci. Da Tarayyar Sobiyet ta harba na farkon, Sputnik, ranar 4 ga Oktoba, 1957, manyan kyamarorin masana ba su gama shiri ba, sai aka dogara da idon waɗannan mutane. Shirin ya kai 1975.

Mu ma abin ya zo mana har gida. Hukumar NASA ta kafa tashar bin sawun kumbo a Kano, kuma ranar 20 ga Fabrairu, 1962, da ɗan sama-jannati John Glenn ke kewaya duniya sau uku, ya yi magana da ma'aikatanta ta rediyo. Abin da ya ce ya hango a ƙasa? Ƙura.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na wani malamin sakandare a Kettering ta Ingila, Geoffrey Perry. Shi da ɗalibansa, da rediyo da lissafi kawai, suka tona a 1966 cewa Sobiyet na da wani ɓoyayyen sansanin harba roka a arewa, Plesetsk. Daga sansanin nan aka harba tauraron Najeriya, NigeriaSat-1, a Satumbar 2003.

Yau manhajar waya ke faɗin minti da kusurwar da tashar sararin samaniya ta duniya za ta ɓullo. Nisanta kusan kilomita 400 ne, tana kewaya duniya cikin minti 90, kuma 'yan mintuna ke ishe ta ratsa sama, don haka riƙe ta cikin madubi sai mai saurin hannu. A yankinmu lokacin kallo shi ne kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon da Glenn ya hango ya sauko.