Tama da Abokan Aikinta: Tarihin Neman Ƙarfe Daga Dala Zuwa Itakpe

Labarin baka da maƙeran Kano suka gada yana cewa kakanninsu, watau Abagayawa, sun taso ne daga Gaya suna neman tama, har suka same ta a gindin Dutsen Dala, suka zauna. An ce sunan shugabansu Kano, kuma daga gare shi birnin ya sami suna. Masana kimiyyar tone-tone sun ƙarfafa wani sashe na wannan labari, domin gawayin da aka tono a wata tsohuwar matoyar tama a Dala ya nuna ana narka ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7 na Miladiyya. Ke nan birnin da ya yi suna a kan saƙa da rini da fatauci, masu binciken ma'adini ne suka fara aza harsashinsa.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, tama ba ta taɓa yin wuyar samu a ƙasar Kano ba. Marmarar da ke shimfiɗe ƙarƙashin jigawa a wurare da dama tana ɗauke da ƙarfe, kuma idon gwani yana rarrabe mai nauyi da marar amfani. Wahalar tana ga abubuwan da tilas a haɗa da ita kafin ta zama fartanya. Ana bukatar majiya ƙarfi masu haƙa rami, da masu sare itace su toya gawayi, musamman na ƙirya wadda garwashinta ke daɗewa, da magina matoya, da gwanin da ya san sirrin wuta, sa'an nan da hatsin da zai ciyar da waɗannan mutane duka tsawon rani. Hausawa sun ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, kuma babu sana'ar da ta fi wannan gaskata maganar. Aikin gayya ne na bayan kaka, kowa ya zuba abin da yake da shi, in an fasa matoya a raba abin da ya fito, a fitar da rabon mai ƙasa, fatake su ɗora sauran a kan jakuna zuwa kasuwa. Nicole Echard, wadda ta yi nazarin masu narka tama na ƙasar Adar a shekarun 1960, ta tarar suna ɗaukar aikin kamar ɗaurin aure, matoya ita ce amarya, ƙarfe kuma abin da ta haifa. Ko a cikin camfin sana'ar, ashe, an san abu ne na haɗin gwiwa.

To, a nan ne yanayin karkarar Kano ya shigo cikin maganar. Ƙasar da ta kewaye birni, daga Ungogo da Minjibir zuwa Dawakin Tofa, har a doshi Bichi da Dambatta, tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a Afirka ta Yamma. Michael Mortimore, wanda ya auna gonakin yankin a shekarun 1960, ya nuna kusan duk inda ke nomuwa ana nome shi kowace damina, ba a barin saura. Abin da ke riƙe ƙasar shi ne taki, wanda jakuna ke kwasowa daga birni da turakun gida shekara da shekaru. Itatuwan da ke tsaye a gonakin, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo, kowanne da mai shi, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona. Matoyar tama kuwa ba ta ƙoshi da gawayi. Manomin da ke cin kalwa da kuka ba zai ba da itacensa a toya ba, don haka narka tama ya yi ta ja da baya zuwa inda daji ya saura, can wajen Zamfara da kudancin Katsina da ƙasar Zazzau. Ƙira ta zauna a Kano, maƙeran baƙi suna ta zuga ƙarƙashin Sarkin Maƙera, amma ƙarfen da suke duka a kan uwar maƙera baƙo ne. Har ma Barth, da ya zo Kano a 1851, ya tarar da ruwan takubba na garin Solingen na Jamus a kasuwa, waɗanda aka ƙetaro da su Sahara.

Zuwan Turawa ya sauya ma'anar kalmar rabo. Sa'ad da Gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga hannun Royal Niger Company a 1900, an yi yarjejeniya cewa kamfanin zai riƙa cin rabin kuɗin ma'adinan da aka haƙa a wani babban yanki na Arewa har shekara 99. Ba a ko ci Kano da yaƙi ba tukuna, sai a 1903, amma an riga an raba abin da ke ƙarƙashin ƙasa a Landan. Daga 1904 zuwa 1909 aka yi binciken ma'adinan Jihar Arewa, sai dai hankalin masu jari ya tafi ga kuzar Jos. Tama ba ta burge su ba, tun da Ingila na da ƙarfen sayarwa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya zo da sandunan ƙarfe, daga baya kuma tarkacen reluwe da na motoci suka wadata. Maƙeri ya ga ƙarfen da ba sai an ciyar da gayya wata guda ba, ya saya. Daga bisani matoyu suka mutu, aka bar tsibin kashin tama a bakin gonaki, yara na jifar tsuntsaye da shi.

Bayan samun mulkin kai sai neman tama ya dawo da sabuwar kama. A 1971 aka kafa hukumar raya masana'antar ƙarfe ta Nijeriya, aka ƙulla aiki da Tarayyar Sobiyat. Binciken da aka yi da jiragen sama masu auna maganaɗisun ƙasa ya kai ga tamar Itakpe, kusa da Okene, a farkon shekarun 1970. A 1979 aka ba kamfanin Tyazhpromexport kwangilar gina masana'antar Ajaokuta, Shugaba Shehu Shagari ya aza harsashinta a 1980, da niyyar fitar da tan miliyan 1.3 a shekara a matakin farko. Rabon Arewa mai nisa shi ne masana'antar murza ƙarfe ta Katsina, wadda ta dogara ga curin ƙarfen da za a kawo mata daga kudu.

Abin mamaki, matsalar da ta kori masu narka tama daga karkarar Kano ita ce ta tari gwamnati a Ajaokuta. Tamar Itakpe ba ta kai kashi 40 cikin 100 na ƙarfe ba, sai an niƙa an tace. Kwal ɗin Inugu bai dace da babbar matoya irin ta zamani ba, sai an sayo wani daga waje. Hanyar jirgin da za ta haɗa Itakpe da Ajaokuta da Warri, wadda aka fara a 1987, ba a buɗe ta ba sai 2020. Kuɗin man fetur ya karye a farkon shekarun 1980, abokiyar aikin kuma, Tarayyar Sobiyat, ta wargaje a 1991. A 1994 aka ce aiki ya kai kashi 98 cikin 100, amma babbar matoyar ba ta ga wuta ba. An miƙa masana'antar ga Solgas a 2003, sa'an nan ga Global Infrastructure ta Indiya, aka soke wannan a 2008, aka shiga shari'a, har a 2022 Nijeriya ta yarda ta biya dala miliyan 496 don a rabu lafiya.

Irin haɗin gwiwar da ake yayi yanzu ya sha bamban da na gayya da na gwamnati. Ƙaramin kamfani ne zai karɓi lasisin bincike, ya sayar da hannun jari a kasuwar Ostareliya ko Kanada ko Landan, ya huda ƙasa da kuɗin, ya auna abin da ya samu, sa'an nan ya nemi babban mai jari. Haka aka yi a tudun Agbaja kusa da Lakwaja, inda tama ke da yawa amma sinadarin fosfaras ya yi mata yawa. Sau da dama ribar irin wannan kamfani tana cikin labarin tamar ne, tun kafin a haƙo ko kwando guda.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta mallaka wa Gwamnatin Tarayya duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa, kuma lasisin bincike guda yana iya rufe murabba'in kilomita 200 har shekara 3 kafin a sabunta. A dajin da ba kowa wannan fili ne kawai. A arewacin Kano kuwa dubban gidaje ne, da gandayensu da gayaunansu da maƙabartunsu. Dokar ta ce a nemi yardar mai gona, a biya diyya, a kuma rubuta yarjejeniya da jama'ar wurin kafin a fara haƙa. Amma mai ƙiyasin diyya amfanin gona yake ƙirgawa, da itatuwa, da gine-gine. Takin da kaka da uba suka zuba har jigawa ta zama gona ba shi da gurbi a takardarsa.