Cuku: Abin da Ya Kamata Mu Sani Game da Shi da Masu Yin Sa

Arlit gari ne da aka kafa a 1969 saboda ƙarfen yuraniyom, a fili mai duwatsu da rairayi, kimanin kilomita 240 arewa da Agadez. Wurin ba makiyaya ba ce, amma da wuya ka shiga kasuwar Arlit ko ta Akokan ka rasa cuku. Daga ina yake zuwa? Daga hannun matan makiyaya, Abzinawa da Fulani, na kwarurukan Abzin irin su Iferouane da Timia, da kuma na yankin Ingall da Abalak.

Mene ne cuku?

Cuku nono ne da aka daskarar, aka tsane ruwansa, aka shanya. Da Tamajaq ana kiran sa tikomart. Hikimarsa ita ce adana nono a inda babu firji: wanda zai lalace a yini guda, in ya zama cuku sai ya yi watanni.

Yadda ake yin sa

Da nonon da aka tatsa yanzu ake yi, tun da ɗuminsa. Mace takan busar da tumbin ɗan akuya ko ɗan tunkiya da bai fara cin ciyawa ba, ta jiƙa ɗan yanki, ta zuba ruwan a cikin nonon. In ya kama, sai ta kwashe ta baza a kan 'yar tabarmar ciyawar afazo, ta danna da hannu har ruwan ya tsiyaye. Wannan zane-zanen da kuke gani a jikin cuku, sawun tabarmar ne. Daga nan sai a ɗora shi bisa rumfa ko reshen itace, iska ta busar da shi.

Ire-irensa

Na akuya: shi ya fi yawa a duwatsun Abzin, ƙamshinsa da ƙarfi.

Na saniya: an fi samun sa wajen Abalak, Cintabaradan da Tukunus, inda ake kiwon shanun Azawak. Ya fi maiƙo.

Wagashi: na matan Fulanin arewacin Benin ne. Da tumfafiya ake daskarar da shi, yana da taushi, ana soya shi ko a sa a miya, wani lokaci a rina shi ja da karan dafi.

Awara kuwa, ko da yake ta yi kama, da waken suya ake yin ta, babu nono a ciki.

To, na raƙumi fa? Nonon taguwa ba ya kamawa da sauƙi, shi ya sa ba a saba yin cukunsa ba. A Nuwakshot ta Muritaniya, kamfanin Tiviski ya yi nasarar yin sa da dabarun zamani.

Yadda ake cin sa

Ana gutsura shi da shayi. Busasshe kuma a daka shi da gero da dabino a dama, wato abin da Abzinawa ke kira egajira, guzurin ayarin gishiri zuwa Faci da Bilma.

Halin da masu yin sa ke ciki

Cuku da damina yake tafiya. In ruwa ya sauka, ciyawa ta fito, nono ya wadata, sai ya yi araha, musamman a lokacin bikin Cure Salée na Ingall cikin watan Satumba. In fari ya zo, dabba ta rame, matar da ke sayen hatsi da sabulu da kuɗin cuku ita ke fara ji a jika. Rufe mahaƙar COMINAK a ranar 31 ga Maris 2021 ma ya raba iyalai da dama a Akokan da albashi, kuma in aljihun gari ya yi sanyi, har ruga ake jin sanyin.

Saboda haka, in za ku saya, ku duba wanda ya bushe sosai, marar danshi da fumfuna, ku ajiye shi inda iska ke ratsawa, ba cikin leda ba. 'Yan'uwa na nesa masu aiko saƙon a kai muku cuku, ku ce a sayo daga hannun mai yin sa, kuma a biya ta daidai wahalarta.