Wasan Ƙarshen Rani: Yadda Kurket Ya Zo Arewa Ya Tsaya a Bakin Ƙofa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaɓar Kwara a Yelwa ranar Rigata, ya ga kwale-kwale suna tsere, masunta suna gwada iya ninƙaya, zai rantse cewa babu bikin da ya fi wannan zama na Yawurawa. Gaskiyarsa ce. Sai dai sunan bikin aro ne daga Turanci, daga kalmar da suke kiran tseren jiragen ruwa. Sunan na baƙi ne, amma ruwan da kwale-kwalen da masu tuƙin duk na gida ne, shi ya sa ba wanda yake jin baƙuncinsa.

Akwai wani wasan da Turawan nan suka zo da shi wanda bai sami wannan sa'a ba. Ka zagaya Birnin Yauri, ka leƙa Ngaski da Shanga, da wuya ka haɗu da yaron da ya taɓa riƙe sandar kurket. Alhali kuwa an yi zamanin da shugabannin Arewa na farko suka tashi da wannan sanda a hannunsu.

Kurket wasa ne na mutum 11 a kowane ɓangare. Ɗaya yana jefa ƙwallo don ya kayar da 'yan sanduna uku da aka kafa, ɗaya kuma yana tare ta da faffaɗar sanda, ya buga ya ruga don tara maki. Wasan ba ya son ruwa, saboda haka a ƙasarmu da rani ake yin sa, sau da yawa a kan tabarmar da aka shimfiɗa bisa daɓe. A Ingila al'ada ce ƙananan kulob su rufe kakarsu da wasan sada zumunci, wanda babu kofi a cikinsa. Tsoho da yaro, gwani da ɗan koyo, duk a ba su dama, a dakata a sha shayi, a tashi ana raha. Irin wannan wasan ne yake riƙe da kurket a ƙauyukan Ingila. Tambayar ita ce, da ya zo nan, su wa aka gayyata shan shayin?

A 1904 aka yi karawar farko tsakanin Legas da ƙasar da a yau ake kira Gana. Da aka tashi kafa ƙungiyoyin kula da wasan, biyu aka yi: ta Turawa a 1932, ta 'yan ƙasa a 1933. Ba su dunƙule ba sai a 1957, saura shekara uku a sami 'yancin kai. Wasan da aka ce na zumunci ne ya yi kusan shekara 25 yana zaune a gida biyu.

A Arewa ta ƙofar makaranta ya shigo. Gwamna Hugh Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922 domin horar da malamai, kuma malamanta Turawa sun ɗauki filin wasa tamkar aji na biyu, inda ake koyar da haƙuri da biyayya ga hukuncin alƙali. Ahmadu Bello ya yi karatu a nan daga 1926 zuwa 1931, Abubakar Tafawa Ɓalewa kuma daga 1928 zuwa 1933. Kurket ya bi kwalejin zuwa Kaduna a 1938, ya bi ta Zariya a 1949, inda daga baya ta zama Kwalejin Barewa. Amma bai tsallake katangar makaranta da ta kulob ɗin Turawa ya shiga unguwa ba.

Za a fi gane dalili idan aka dubi wasanni biyu da suka zo tare da shi. Na farko shi ne ƙwallon bango da ake kira fayif, wanda asalinsa makarantar Eton ce ta Ingila. Ana danganta shigowarsa da S. J. Hogben, malamin da ya koyar a Birnin Kebbi da Katsina a shekarun 1920. Abin da wasan yake bukata bango ne da tafin hannu. Magina suka gina bangon da ƙasa, aka maye ƙwallon Ingila da ta tanis wadda ake samu a kasuwa, Sardauna ya tsaya masa har ƙarshen rayuwarsa, ga shi yau ana gasar kofi da sunansa. Na biyu shi ne folo, wanda ya tarar da dawaki da mahaya suna jiransa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rungume shi, ɗansa Usman Nagogo ya shahara a kansa.

Kurket bai sami ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Sandarsa daga wani icen Ingila ake sassaƙa ta, ƙwallonsa ta fata ce mai tauri da sai an sayo daga waje, ga kayan kare ƙafa da hannu, ga fili mai faɗi da ke bukatar mai lura, ga yini guda da yake cinyewa. Da Turawan suka naɗe tabarmarsu, sai ya zama babu mai sayen sabuwar ƙwallo idan tsohuwar ta fashe. Ƙwallon ƙafa kuwa, wadda ko da tsumma ana iya ƙulla ta, ta mamaye filayen.

Wasan bai mutu a Najeriya ba. Ƙasar ta shiga hukumar kurket ta duniya da sunanta a 2002. Matasan maza sun je gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 19 a Afirka ta Kudu a 2020, sannan a Janairun 2025 'yan matanmu suka doke Niyu Zilan da maki 2 a Malesiya. Babban filin kurket na Legas kuwa yana dandalin da ke ɗauke da sunan Tafawa Ɓalewa, tsohon ɗalibin Katsina.

Idan wata rana wani ya yi niyyar kawo wasan gaɓar Tafkin Kainji, tarihin nan yana da abin gaya masa. Kada ya fara da kofi ko fararen tufafi. Ya fara da masassaƙin da zai fafe sanda daga icen gida, da ƙwallon tanis, da filin firamare, da malami guda mai haƙuri. Kafin ruwan farko ya sauka, a haɗa yaran Yelwa da na Birnin Yauri a wasan da babu wanda za a bari a bayan shinge. Rigata ta nuna mana cewa sunan baƙo ba ya hana abu zama namu, muddin hannun da ke riƙe da shi na gida ne.