Matan Kont-Kont na Faransa: Masu Mulkin da Aka Taƙaita a Layi Ɗaya



Duk wanda ya duba jerin nasabar manyan gidajen sarautar Faransa zai ga tsari ɗaya yana maimaituwa. Za a kawo sunan miji, shekarar da ya hau, yaƙe-yaƙensa da ranar mutuwarsa, sannan a ƙasa a sa layi ɗaya tal: ya auri wance 'yar wane, ta haifa masa 'ya'ya kaza. Yau wannan layin za mu buɗe, domin a cikinsa akwai matan da suka riƙe ƙasa har shekara ashirin.

Mu fara da sarautar kanta. Kont shi ne mai riƙe da wani yanki a ƙarƙashin sarkin Faransa, matarsa kuma kontes. Ya yi kama da hakimi, sai dai a ƙarni na 11 da na 12 wannan hakimin yana da rundunarsa da kotunsa, yana karɓar haraji, wani ma har kuɗi yake bugawa. Sarki a Paris yakan yi lallashi kafin irin waɗannan su bi umarninsa.

Ta ƙofa uku matar kont take shiga mulki. Ta farko ita ce dukiyar da ta zo da ita daga gidansu, wadda sau da yawa garuruwa ne da gonaki. Ta biyu ita ce kason da ake ware mata daga ƙasar miji, sulusi ko rabi gwargwadon al'adar yanki, ta ci moriyarsa idan ya riga ta mutuwa. Ta uku, wadda ta fi girma, ita ce riƙon ƙwarya idan miji ya tafi yaƙi, ko ya mutu ya bar magaji ƙarami. A zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya wannan ƙofar kusan kullum a buɗe take.

Mu ɗauki Adela, 'yar William wanda ya ci Ingila da yaƙi a 1066. An aurar da ita ga Stephen, kont na Blois. A 1096 ya bi ayarin Salibiyya na farko ya bar mata ƙasa, kuma har yau akwai wasiƙu biyu da ya aiko mata daga hanya. A watan Yunin 1098, ana tsaka da ƙawanyar Antakiya, ya sare ya janye, washegari kuwa birnin ya faɗa hannun abokan tafiyarsa. Ya dawo gida da tambarin ragwanci. Marubucin tarihi Orderic Vitalis ya ruwaito cewa Adela ta yi ta matsa masa, har a ɗakin kwana, sai ya koma ya wanke sunansa. Ya koma a 1101, aka kashe shi a Ramla a 1102 a karon da suka yi da rundunar Fadimawan Masar. Adela ta ci gaba da mulki, tana yanke hukunci, tana sasanta manyan limaman coci da masu sarauta. Ta tsallake babban ɗanta ta ba ƙaninsa Theobald gadon Blois. Sai a 1120 ta koma gidan mata masu zaman ibada a Marcigny. Kafin ta mutu a 1137, wani ɗanta, Stephen, ya zama sarkin Ingila a 1135.

Daga Blois sai mu yi gabas zuwa Champagne, ƙasar da ta yi suna da kasuwannin baje koli guda 6 a shekara, a Troyes da Provins da Lagny da Bar-sur-Aube, inda fataken Italiya ke haɗuwa da masu sayar da tufafi na Flanders. A 1164 kont na wurin, Henry, ya auri Marie, 'yar Sarki Louis na 7 da Eleanor ta Aquitaine. Sau uku Marie ta riƙe wannan ƙasa mai arziki: lokacin da mijinta ya tafi Ƙudus a 1179, da bayan mutuwarsa a 1181 har ɗanta ya kai shekarun mulki a 1187, da kuma daga 1190 zuwa 1197 bayan shi ma ɗan ya tafi gabas, inda ya mutu a Akka. Mu marubuta muna da dalilin tuna ta. A wancan zamani Latin ne harshen ilimi, amma ita ta ɗauki nauyin masu rubutu da Faransancin da mutane ke magana da shi. Chrétien na Troyes ya faɗa a gabatarwar labarinsa na Lancelot cewa ita ta ba shi jigon da ma'anar, shi aiki kawai ya yi. Labarin soyayyar Lancelot da matar Sarki Arthur, wanda Turawa ke ta juyawa har yau a littafi da fim, daga fadarta ya fito.

Wadda ta fi shiga tsaka mai wuya ita ce surukar Marie, wato Blanche ta Navarre. Mijinta Theobald na 3 ya mutu a watan Mayun 1201 tana da tsohon ciki, bayan 'yan kwanaki ta haifi namiji. Baƙuwa ce a ƙasar, aurenta bai wuce shekara biyu ba, ga jariri a hannu. Ta garzaya wurin Sarki Philip Augustus ta yi caffa, amma ba a banza ya karɓa ba. Ya amshi ganuwoyi biyu, Bray da Montereau, ya sa a kai 'yarta fadarsa, ya kuma sharɗanta ba za ta sake aure ba sai da yardarsa. A 1216 wani mai suna Erard na Brienne, wanda ya auri 'yar wan mijinta, ya ɗauko yaƙi yana neman ƙasar da sunan matarsa. Blanche ta tare shi da sojoji, ta kuma tare shi da takarda. Ta sa manyan ƙasar suka rubuta mubaya'arsu suka buga hatimi, ta sa aka kwafe takardun cikin kundaye, ta jawo sarki da Paparoma gefenta. Ƙarshe Erard ya karɓi kuɗi ya haƙura. A 1222 ta miƙa wa ɗanta Theobald na 4 ƙasa cikakkiya bayan riƙo na shekara 21. Shi ne ya zama sarkin Navarre a 1234, kuma fitaccen mawaƙi.

Kada mu yi wa labarin ado fiye da kima. Waɗannan mata ba su zaɓi mazajensu ba, Marie tun tana yarinya aka yi mata baiko. Mulkinsu kuma na aro ne, da sunan miji ko ɗa, ranar da ɗan ya girma sai a sauka. Kuma auren da ya ba su iko shi ne ya riƙa haɗiye ƙasashen. A 1284 magajiyar Champagne, Jeanne, ta auri wanda ya zama Sarki Philip na 4, daga nan ƙasar ta kama hanyar komawa hannun sarakunan Faransa.

Zuwa ƙarni na 17 sarki ya tattare iko, kont ya zama sunan girma mai gonaki amma babu runduna. Matansu sai suka nemi tasiri ta wata hanya. Marie-Madeleine, wadda ta auri kont na La Fayette a 1655, ta zauna a Paris mijin yana can ƙauye wurin gonakinsa. A 1678 aka buga ƙagaggen labarinta, La Princesse de Clèves, ba tare da sunanta a bango ba, kuma yau ana lissafa shi cikin tushen ƙagaggen labarin zamani a Faransa. Ƙarni ɗaya bayan haka sunan kontes ya zama tikitin shiga fada. A 1768 aka ɗaura wa Jeanne Bécu, 'yar talakawa, auren takarda da kont Guillaume du Barry don kawai ta samu damar zama kusa da Sarki Louis na 15 a Versailles. Wannan sunan bai tsare ta ba da juyin juya hali ya zo, aka fille kanta a watan Disambar 1793.

Abin lura a nan shi ne yadda muka san su. Masu rubuta nasaba sun wuce su da sauri, amma wasiƙu da takardun shari'a da kundayen da su kansu suka sa aka adana sun riƙe sunayensu. Don haka ga mai son rubuta labarin tarihi, na Faransa ko na ko'ina, ga dabara mai amfani: ya duba shekarar da uba ya mutu da shekarar da ɗa ya fara mulki da kansa. Idan akwai tazara, ya tambaya wa ya karɓi haraji, wa ya biya sojoji, hatimin wa ke kan takardu a tsakanin. Sau da yawa a nan zai tarar da tauraruwar labarinsa.

Muna jiran gyara da ƙarin haske daga masana cikinmu.