Tsarin The Process na ƙungiyar Philadelphia 76ers

The Process suna ne da aka laƙaba wa dabarar sake gina ƙungiyar ƙwallon kwando ta Philadelphia 76ers da ke buga gasar NBA a Amurka, daga shekarar 2013 zuwa 2016. A ƙarƙashin babban manajanta Sam Hinkie, ƙungiyar ta riƙa amfani da hutun ƙarshen kakar wasa wajen rabuwa da ƙwararrun 'yan wasanta, tana karɓar damar zaɓen matasa a madadinsu, kuma ta amince ta sha kaye na wasu shekaru domin ta samu manyan taurari nan gaba. Dabarar ta raba kan magoya bayan ƙungiyar gida biyu, kuma tana cikin dalilan da suka sa hukumar NBA ta sauya dokar zaɓen sababbin 'yan wasa.

Asali

A gasar NBA ba a mayar da ƙungiya rukuni na ƙasa idan ta gaza, kamar yadda ake yi a ƙwallon ƙafa ta Turai. Kowace shekara ƙungiyoyi 30 na gasar suna zaɓen matasan 'yan wasa ɗaya bayan ɗaya, kuma waɗanda suka fi shan kaye su ne suka fi samun damar yin zaɓe da wuri ta hanyar ƙuri'a. A wancan lokacin, ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe tana da damar kashi 25 cikin 100 na samun zaɓin farko.

Rabon 76ers da lashe kofin gasar tun 1983. A 2012 ta ɗauko Andrew Bynum a wata babbar musaya, amma ciwon gwiwa ya hana shi buga ko wasa ɗaya, ƙungiyar ta ƙare kakar da nasara 34 da rashin nasara 48. A watan Mayun 2013 masu ƙungiyar, ƙarƙashin jagorancin Josh Harris, suka ɗauko Hinkie daga Houston Rockets. Ra'ayinsa shi ne ƙungiyar da ke tsaka-tsaki ita ce ta fi kowa asara, domin ba ta isa cin kofi ba, kuma ba ta samun zaɓen farko-farko.

Matakan da aka ɗauka

A daren zaɓen 2013 ƙungiyar ta miƙa Jrue Holiday, wanda shi ne fitaccen ɗan wasanta, ga New Orleans Pelicans, ta karɓi Nerlens Noel da damar zaɓe ɗaya a zagayen farko na 2014. Noel bai buga kakar farko ba saboda rauni a gwiwa.

A 2014 ta zaɓi Joel Embiid, haifaffen birnin Yawunde na Kamaru, a matsayi na uku, duk da karayar da ya samu a ƙafa. Ya shafe kaka biyu bai taka fili ba. A wannan zaɓen kuma ta samu Dario Šarić ɗan Kuroshiya, wanda ya ci gaba da wasa a Turkiyya har 2016. A watan Fabrairun 2015 ta rabu da Michael Carter-Williams, wanda ya lashe kyautar gwarzon sababbin 'yan wasa a 2014, aka ba ta wata damar zaɓe. A bazarar 2015 ta ɗauki Jahlil Okafor a matsayi na uku, sannan ta ɗauke wa Sacramento Kings nauyin albashin wasu 'yan wasa, Kings ta biya ta da ƙarin damar zaɓe.

A fili kuwa, ƙungiyar ta ci wasa 19 daga cikin 82 a kakar 2013–14, inda ta sha kaye sau 26 a jere. Ta ci 18 a kakar 2014–15, ta kuma ci 10 kacal a kakar 2015–16.

Ra'ayoyin magoya baya

Masu goyon bayan tsarin sun riƙe taken "Trust the Process", wato a amince da tsarin, a yi haƙuri da shi. Hujjarsu ita ce, a ƙwallon kwando mutum biyar ne kawai ke cikin fili daga kowane ɓangare, don haka tauraro ɗaya yana iya sauya makomar ƙungiya, kuma hanya mafi tabbas ta samunsa ita ce zaɓen matasa. Ga waɗannan magoya baya, lokacin hutu ya fi kakar wasan kanta muhimmanci. Wani shirin sauti na intanet mai suna Rights to Ricky Sanchez, wanda Spike Eskin da Michael Levin ke gabatarwa, ya zama dandalinsu, har suna shirya taro a daren ƙuri'ar zaɓe, su kalle ta tare kamar wasan ƙarshe. Embiid ma da kansa ya ɗauki The Process a matsayin laƙabinsa.

Masu adawa kuma suna ganin cin amanar 'yan kallo ne a sayar musu da tikiti alhali ba a shirya cin wasa ba. Sun ce matasa ba sa koyon nasara a inda aka saba da kaye kuma babu manyan da za su nuna musu hanya. Sun soki ɗaukar dogayen 'yan wasan tsakiya uku a jere, wato Noel da Embiid da Okafor, waɗanda ba za su iya wasa tare ba. Wani ƙorafin kuma shi ne tsarin ba shi da wa'adi, kullum sai a ce a jira baɗi. A waɗannan shekaru yawan masu zuwa kallon wasannin ƙungiyar a gida yana cikin mafi ƙanƙanta a gasar.

Ƙarshen zamanin Hinkie

A watan Disambar 2015 masu ƙungiyar suka naɗa Jerry Colangelo shugaban harkokin wasa, abin da ya rage wa Hinkie iko. Ranar 6 ga Afrilun 2016 Hinkie ya yi murabus, ya bar wasiƙa mai shafi 13 yana kare matakansa. Bryan Colangelo, ɗan Jerry, ya gaje shi. Ƙungiyar ta samu zaɓin farko a 2016 ta ɗauki Ben Simmons. A 2017 ta yi musaya da Boston Celtics don ta hau daga matsayi na uku zuwa na farko ta ɗauki Markelle Fultz, Celtics kuma ta ɗauki Jayson Tatum. Fultz bai kai kaka biyu cur a ƙungiyar ba, Tatum kuwa ya lashe kofi da Celtics a 2024.

Sakamako

A kakar 2017–18 ƙungiyar ta ci wasa 52. Daga 2018 zuwa 2024 ta shiga wasannin fitar da gwani sau bakwai a jere, amma ba ta taɓa wuce zagaye na biyu ba. A 2019 Toronto Raptors ta fitar da ita a wasa na bakwai da ƙwallon da Kawhi Leonard ya jefa a daƙiƙar ƙarshe. A hutun da ya biyo baya Jimmy Butler ya koma Miami Heat, ƙungiyar ta ba Tobias Harris kwantiragin dala miliyan 180 na shekara biyar, ta kuma ɗauko Al Horford, wanda ya yi kaka ɗaya kawai. Embiid ya zama gwarzon ɗan wasan NBA a 2023.

Wannan sakamako ya bar muhawarar a buɗe. Masu goyon baya suna cewa tsarin ya samar da Embiid da tarin damar zaɓe, waɗanda suka zo bayan Hinkie ne suka ɓarnatar da su. Masu adawa suna cewa an sha wahalar shekara uku ba tare da ko wasan ƙarshe na shiyyar gabas ba, matakin da ƙungiyar ta kai a 2001.

Tasiri a kan dokar NBA

A watan Oktoban 2014 an gabatar da shawarar sauya tsarin ƙuri'a, amma ba ta samu rinjayen da ake buƙata ba. A watan Satumban 2017 masu ƙungiyoyi suka amince da sabuwar doka wadda ta fara aiki a 2019. A ƙarƙashinta, ƙungiyoyi uku da suka fi shan kaye suna da dama iri ɗaya, kashi 14 cikin 100 kowacce, domin a rage ribar da ke tattare da faɗuwa da gangan.