Ƙarewar biza da aiki ba izini: shin aure na wanke su?

Mafi yawan ƴan bida daga Cadakori, Agye da Gazawa Najeriya, Libiya, Aljeriya ko Saudiyya suke nufa, amma akwai waɗanda suka kai Amurka da Faransa. Idan bizar ɗayansu ta ƙare, shawarar da ya fi ji ita ce ya auri ƴar ƙasar ya huta. Doka kuwa tana duba abu uku: yadda mutum ya shiga, wadda ya aura, da ko ya taɓa yi wa hukuma ƙarya.

A Amurka

Wanda ya shiga da biza, jami'in iyaka ya tantance shi, sannan ya auri ƴar ƙasa, yana iya neman katin zaman dindindin ba tare da ya fita ba. Sashe na 245 na dokar shige da fice bai hana shi ba, ko da ya wuce wa'adinsa ko ya yi aiki ba izini. Matar ce ke cike fom I-130, shi kuma I-485, a miƙa wa hukumar USCIS, wadda ke da ikon amincewa ko ƙi.

Sassaucin bai shafi wanda matarsa katin zama kawai gare ta ba, haka ma wanda ya tsallaka iyaka a ɓoye. Galibi sai sun fita waje neman biza, kuma fitar ce tarkon. Dokar 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3; idan zaman ya kai shekara guda, sai bayan shekara 10. Ana neman afuwa da fom I-601A, amma sai an nuna cewa matar ko iyayen mai nema, ƴan ƙasa ko masu katin zama, za su shiga ƙunci mai tsanani. Ƙari a kan haka, a watan Disamba 2025 Amurka ta saka Nijar cikin ƙasashen da aka hana ƴaƴansu shiga. Zuwa gida ta'aziyya kafin takarda ta fito na iya rufe wa mutum ƙofa.

Abin da aure ba ya gogewa shi ne ƙarya. Wanda ya rubuta a fom ɗin ɗaukar aiki I-9 cewa shi ɗan Amurka ne ya jawo wa kansa haramci na har abada. Auren da bai kai shekara 2 ba, katin wucin gadi na shekara 2 ake ba shi, auren bogi kuma hukuncinsa na kaiwa ɗaurin shekara 5 da tarar dala dubu 250.

A Faransa

A ƙa'ida mijin ƴar Faransa na buƙatar bizar dogon zama kafin ya samu katin shekara guda. Sai dai sashe na L423-2 na dokar baƙi ya ɗauke masa wannan sharaɗi idan ya shiga ƙasar bisa ƙa'ida, an ɗaura auren a Faransa, kuma sun yi wata 6 suna zaune tare a can. Wanda bizarsa ta ƙare yana iya cin wannan moriya. Wanda ya bi ta teku ba biza, yawanci sai ya nemi biza daga waje. Hukuncin aiki ba izini ya fi faɗawa kan mai ɗaukar aikin, amma aiki da takardar jabu na iya sa ofishin prefe ya hana katin. Auren bogi: ɗaurin shekara 5 da tarar Yuro dubu 15. Auren masallaci kaɗai ba ya ba da takarda, na ofishin magajin gari doka ta sani.

Takardun gida

Ƙasashen biyu ba su yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Magidancin da ya bar uwargida a Cadakori ya ƙara aure a can, auren na biyu ba ya tsayawa a doka, ɓoye na farkon kuma ƙarya ce ga hukuma. Idan sun rabu, ana neman takardar shaidar rabuwar. A Nijar, dokar rajistar jama'a ta 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana aure ko haihuwa. Bayan wa'adin sai da hukuncin kotu. Dangin da ke gida za su taimaka matuƙa idan suka tabbatar suna da ranar haihuwa sun zo ɗaya a fasfo, takardar haihuwa da ta aure. Shi kuma mai nema, kada ya sa hannu a fom ko ya sayi tikitin jirgi kafin ya ga lauya mai lasisi.