Sulke da Lifidin Hawan Sallar Gumel: Daga Ina Suka Fito?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, manomi kuma mai awon riɗi a Gagarawa Tasha, ya rubuto cewa ya ga wasu Turawa a wayar ɗansa sanye da rigunan ƙarfe suna sara da takubba, matansu na girki a murhu cikin bukkoki. An ce masa kwaikwayon zaman kakanninsu suke yi. Yana son bayani, kuma yana tambaya ko tafiyarsu ɗaya da 'yan sulke da 'yan lifidan da yake gani a hawan sallar Gumel. Ya ƙara da cewa akwai wani tsohon sulke da suka gada a gida, wani dillali na ta zarya a kansa.

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ba da kasuwa. Abin da ka gani ba fim ba ne. A ƙasashen Turai akwai ƙungiyoyin mutane, wasu malaman makaranta, wasu direbobi, wasu ma'aikatan asibiti, waɗanda in hutu ya zo sai su tuɓe kayan zamani su koma irin zaman da aka yi shekara 500 ko 1,000 da suka wuce. A Ingila, cikin watan Oktoba, sukan taru a filin da aka gwabza yaƙin Hastings na shekarar 1066, su sake jera dagar. A garin Landshut na ƙasar Jamus kuwa biki ne suke maimaitawa, na auren ɗan sarkinsu da 'yar sarkin Polan da aka ɗaura a 1475. Tun 1903 suka fara, yawanci duk bayan shekara huɗu, mutum fiye da 2,000 ke shiga. Wanda zai shiga sai ya tara suma tun da watanni, kuma ba agogo, ba tabarau. A Faransa ma akwai wani wuri, Guedelon, inda tun 1997 ake gina gidan sarauta na dutse da irin kayan aikin ƙarni na 13, ba inji, doki ke jan amalanken dutse.

Amma ka lura da abu guda. Su waɗannan mutane igiyar ta tsinke musu tuntuni. Kakan kakan ɗayansu bai taɓa ganin mai sulke a kan doki ba, sai da suka tono littattafai da zane-zane da abin da aka haƙo a ƙasa kafin su san yadda ake ɗinka rigar ko dafa abincin. Mu a nan ba haka ba ne. Mahayin da ka gani ranar salla a ƙofar fadar Gumel, ba a littafi ya koyi ɗaura sirdi ba, kuma ba zuriya da yawa ke tsakaninsa da wanda ya sa irin kayan nan ya fita yaƙi na gaske ba.

Bari mu faro daga tushe. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Sarkin Kano Kanajeji, wanda aka ƙiyasta ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ne sarkin Hausa na farko da ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke, bayan ya sha asarar mayaƙa a yaƙinsa da Umbatu. Ka ga ke nan shekara 600 da ɗoriya. Lokacin da ake wancan biki na Jamus a 1475, Muhammadu Rumfa ne a kan gadon Kano, wanda ake danganta masa ƙawata hawan idi. Ta gabas kuma akwai Barno, wadda ta fi kowa suna a harkar dawaki. A watan Fabrairun 1823, Baturen Ingila Dixon Denham ya iso Kukawa, fadar Shehu Laminu, ya tarar da mahaya sanye da sulke daga wuya har gwiwa sun fito tarbarsu, abin ya ba shi mamaki ƙwarai. Yawancin tsofaffin sulkuna ta Hamada suka ƙetaro, daga Masar da ƙasashen gabas, shi ya sa ba kowane barde ke mallakarsa ba. Sarki ke ba da shi.

Lifidi kuwa ɗan gida ne. Ƙyalle ne ake ninkawa, a cusa masa audugar rimi ko ta gona, a bi shi da ɗinki layi-layi har ya yi kauri, a rufe dokin da shi daga wuya zuwa gwiwa, a rufe mahayin, a ɗora masa kwalkwali mai gashin jimina. Amfaninsa tare kibiya, musamman mai dafi, don takan maƙale cikin audugar ba ta kai ga fata ba. Illarsa kuma nauyi da zafi. Dokin lifidi ba ya dogon gudu, in mahayin ya faɗi da ƙyar ya tashi sai an ɗaga shi, kuma abokan gaba sun gano lagonsa: kibiya mai wuta. Auduga ce fa. Don haka in ka ga zagage na biye da ɗan lifidi ranar hawa, ba don ado kawai aka faro al'adar ba.

To ina Gumel a cikin wannan? Mangawa ne suka kafa sarautar wajen 1750, Ɗan Juma ne sarki na farko, kuma Barno suke bi. Da aka yi jihadin Shehu Ɗanfodiyo daga 1804, Kano da Haɗeja da Kazaure suka zama ƙarƙashin tutar Sakkwato, amma Gumel ba ta shiga ba. Sai ta zama ƙaramar ƙasa a tsakiyar manya: Kano ta yamma da kudu, Haɗeja ta gabas, Damagaram ta arewa. A zamanin Sarki Muhammadu Ɗan Tanoma, wanda ya hau a 1828, aka taso da fada daga Tumbi, wadda yanzu take cikin Jamhuriyar Nijar, aka dawo Gumel ta yau.

Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya sauka Gumel a watan Maris na 1851 a hanyarsa daga Kano zuwa Kukawa. Ya same ta cike da fatake, ita ce babbar kasuwar kanwa, daga nan ake lodinta har ƙasar Nufe. 'Yan kasuwarmu na Maigatari su ji wannan, cinikin kan iyaka a yankin nan ba jiya aka fara shi ba. Da Barth ya sake biyowa a ƙarshen 1854, sai ya tarar rikicin gadon sarauta bayan rasuwar Ɗan Tanoma ya ci garin, ya zama kusan kufai. Shekara uku da 'yan watanni kacal.

Haka aka yi ta fama. Yaƙi da Haɗeja bai lafa ba sai bayan rasuwar Sarkin Gumel Abdullahi a 1872. Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ya tara bindigogi har yana ƙera igwa a Zinder, kuma harsashi ba ruwansa da auduga. A ƙarshen ƙarnin hare-haren kamun bayi daga arewa sun rage mutanen ƙasar Gumel sosai. Faransawa suka kama Zinder a 1899, Sarkin Gumel Ahmadu ya miƙa wuya ga Turawan Ingila a 1903. Ka dubi ikon Allah, a shekarar da mutanen Landshut suka fara sa kayan da don biki, a shekarar ce namu kayan suka daina zuwa fagen fama.

Daga nan sulke da lifidi suka koma na hawa. Turawa ma sun so abin, don sun saba da irinsa a Indiya, daga can suka kawo kalmar da muka mayar daba. Suka tara sarakuna a Kano a 1925 don Yariman Ingila, aka yi na Kaduna a 1956 don Sarauniya Elizabeth, aka kuma yi wani a Kaduna a 1977 lokacin bikin Festac. Hawan Bariki da ake yi a masarautun Jigawa, sunansa ma ya faɗi asalinsa, wato ziyarar da sarki kan kai wa jami'in gwamnati a bariki. A watan Disambar 2024 hukumar UNESCO ta sa hawan daban Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattalinsu. Jahin da hakimai ke kaiwa, a sako dawaki a guje a ja linzami daf da sarki a ɗaga hannu, gaisuwar mayaƙa ce ta nuna doki lafiya, makami a shirye, biyayya na nan.

Sai dai akwai inda Turawan nan suka sha gabanmu, kuma a ganinmu nan ne gizo ke saƙar. Su ba mahayi kaɗai suke nunawa ba. Kana shiga sansaninsu za ka ga mai kaɗi, mai saƙa, mai gasa burodi, mai wanki, maƙeri. Mu hawanmu na nuna barde, amma ya bar gidan da ya tsayar da barden a bayan fage.

Ɗauki lifidin nan guda ɗaya ka bi sawunsa. Manomi ya shuka auduga ya tsince ta. Mace ta zauna ta gurje ta a kan magurji ta fitar da gurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, ta shafa alli a yatsa ta murza mazari, dare da rana, har ta tara zare da abawa. Masaƙi ya saƙa ƙyalle siriri, maɗinki ya haɗa, marini ya tsoma a baba, baduku ya yi ragama da majayi, maƙeri ya ƙera linzami da likkafa da ƙaimi. Dokin kansa ba ciyawa kaɗai yake ci ba. Yana son gero ko dawa kullum, da dusa, da harawa, da kanwa, da ruwan da wani zai jawo daga rijiya mai zurfi irin ta yankinmu, da guga da igiya. Hatsin nan daga rumbun talaka ya fito. Guzurin mayaƙi ma, gumba ce da gari, sai da wata ta yi sussuka da surfe da daka, ta durƙusa a kan dutsen niƙa tun kafin asuba. Kuma a faɗi gaskiya, kaso mai yawa na wannan aiki bayi da kuyangi ne suka yi shi. Wani matafiyi ɗan Maroko da ake kira Leo Africanus, a farkon ƙarni na 16, ya ba da labarin cewa a Barno ana ba da bayi 15 zuwa 20 a karɓi doki ɗaya. Waɗannan bayin kuwa 'ya'yan wasu manoma ne da aka kwasa a gona ko a bakin rijiya. Mai kallon hawa daga ƙauye ya sani cewa in da a wancan zamani ne, ƙurar dawaki daga nesa ba abin a fito kallo ba ce, abin a kwashi yara a shige cikin ganuwa ne.

Wannan ɓangare na cikin gida shi ne ke salwanta a gabanmu. Doki bai ɓace ba, ko wace Alhamis ana cinikinsa a kasuwar Maigatari, kayan doki ma ana ɗinka sababbi, har da na zare mai ƙyalli. Amma tun da layin dogon Kano ya ratsa Gagarawa ya isa Nguru a 1930, yadin kanti ya fara korar saƙi. Injin niƙa ya kori dutse, roba da silba suka kori akushi da ƙwarya, jarka ta kori tulu. Ba mu ce a koma wa wahala ba, wadda ta taɓa niƙa tiya biyu a dutse ba za ta yi kewarsa ba. Amma 'yan mata nawa ne yau a Sule Tankarkar ko Gagarawa za su iya riƙe mazari? Tsofaffin da suka iya suna nan da ransu cikin gidaje, ba wanda ke tambayarsu. Abin da Bature ke kashe kuɗi yana lalube a littafi, mu yana ɗakin kaka. Wanda ya shiga Kano ya leƙa Gidan Makama zai ga irin waɗannan kaya a ajiye, amma ganin mazari cikin gilashi daban, ganinsa yana juyawa a hannu daban. Da makarantun yankin za su gayyaci tsohuwa ɗaya da masaƙi ɗaya su nuna wa yara aikin ko da sau ɗaya a zango, ba sai an nemi kuɗin gwamnati ba.

Yanzu batun sulkenku da dillali. Da farko ka fito da shi cikin haske ka duba zobban. Kowane zobe yana sarƙe da huɗu. In ka ga bakin zoben an daddale shi an haɗa da 'yar ƙusa ƙarama, to wannan aikin da ne mai daraja, don ɗaya bayan ɗaya aka ƙulla dubban zobba da hannu. In kuwa waya ce kawai aka lanƙwasa baki ya taɓa baki, galibi na baya-baya ne. Cikakken sulke yakan kai kilo 10.

Na biyu, akwai doka. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana sayar da kayan tarihi ga kowa sai wakilin da hukumar ta amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba tare da izini ba. Kayan sana'ar hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 suna cikin abin da dokar ta ambata. Ku da kuke daf da kan iyaka, kun san inda kayan kan nufa in sun bar hannunku. Ka tambayi dillalin takardarsa ta hukuma. Sannan kayan gado ne, ba naka kai kaɗai ba, sai ka tara 'yan'uwa, ka kuma sanar da dagaci ko hakimi, don a fada akwai waɗanda za su iya gane ko daga wane gida ya fito da wanda aka ba.

Kafin nan, kada ka wanke shi da ruwa, kada ka goge shi da yashi ko sosan ƙarfe don ya yi ƙyalli. Ka kakkaɓe ƙurar da busasshen tsumma, ka shafa masa man keken ɗinki kaɗan, ka naɗe shi cikin ƙyalle ka ɗora a sama inda damshin damina ba zai kai ba. In akwai dattijo a gidan da ya san wanda ya sa shi da yaƙin da aka je da shi, a sa yaro ya ɗauki maganarsa a waya, a rubuta a takarda da boko ko ajami, a ajiye takardar tare da sulken.